Jiki Magayi: Gwajin Bugun Yatsa da Gajiyar 'Yan Kokawarmu

A ƙasar Gobir, da zarar an yanke gero an kai rumbu, hankalin samari yakan koma fage. Daga Turba zuwa Isa, daga Gatawa zuwa Sabon Birni, har a tsallaka iyaka a nufi Tsibiri da Maraɗi, kaka lokaci ce ta kokawa da dambe. Gasar Takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975 kuma Kantu na Maraɗi ya fara lashe ta, har gobe ana bin ta a rediyo a garuruwanmu kamar a ƙofar gida ake yi. Rashin tsaro ya rage taruka, wasan da a da ake yi da farin wata ya koma na rana tsaka, amma bai kashe sha'awar ba. Yanzu ma ƙwallon ƙafa ta ƙaru a kai, kusan kowace unguwa da ƙungiyarta.

Mu da muke aiki a ɗakin magani na asibiti, da wata alama muke gane shigowar wannan lokaci. Tambaya ɗaya ce take yawaita a bakin taga: "A ba ni maganin gajiya." Saurayi ne zai zo, ƙirji a buɗe, damtse kamar taɓarya, ba zazzaɓi ba ciwo, abin da yake so kawai ƙwayar da za ta kai shi fage gobe. Na daɗe ina tunanin amsar da ta dace da wannan buƙata, domin in aka ce masa babu, kemis na nan a bakin kasuwa, mai talla kuma na yawo da haɗi a leda. Abin da na ga ya fi amfani shi ne a ba shi hanyar da zai ga gajiyarsa da idonsa. Hanyar kuwa ba ta wuce yatsa ɗaya da agogo ba.

Gajiya iri biyu

Idan ɗan kokawa ya ce ya gaji, yawanci tsoka yake nufi: cinya ta yi tsami, kafaɗa ta riƙe, baya ya ƙage. Wannan gajiya ce ta gaskiya, kuma kowa ya san ta. Sai dai tsoka ba ta motsi da kanta. Umarni take jira daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya ratsa jijiyoyin saƙo, waɗanda suka bambanta da jijiyoyin jini, sannan ya iso gare ta. A cikin hannun mutum mai lafiya, wannan saƙo yana gudun da ya kai mita 50 zuwa 60 a sakan ɗaya. Idan mai ba da umarnin ya yi sanyi, ko tsokar na da sauran ƙarfi ba za ta bayar da shi duka ba, kuma ba za ta bayar a kan kari ba. Doki yana nan da ƙarfinsa, mahayin ne ya fara gyangyaɗi.

A fagen kokawa wannan gajiya ta biyu ita ce mai kayar da mutum. Kaye ba ya ɗaukar sakan ɗaya. Abokin karawa ya kai hannu ƙafa, in aka makara da ƙiftawar ido wajen janyewa, sai ganga ta sauya kiɗa. A dambe kuwa makarar ta fi tsada, domin kai ne yake biya.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Angelo Mosso, wani malamin sanin aikin jiki a birnin Turin na Italiya, ya wallafa littafinsa a kan gajiya a shekarar 1891. Ya ƙera wata na'ura da ake ɗaure hannun mutum a kanta, a bar yatsan tsakiya kaɗai yana jan nauyi da igiya, ana zana tsawon kowane ja a kan takarda. Abin da ya ba shi mamaki shi ne abokan aikinsa malaman jami'a, bayan sun wuni suna yi wa ɗalibai jarrabawa, yatsansu yakan gaza da wuri, alhali ba su ɗauki kaya ba, ba su yi noma ba. Aikin kai ya rage ƙarfin hannu. A shekarar 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka sake gwada abin: mutanen da aka sa su aikin ƙwaƙwalwa mai gundura na minti 90 sun sare a kan keke da wuri, da kusan kashi 15 cikin ɗari, ko da yake bugun zuciyarsu da aikin tsokarsu ba su nuna wani bambanci ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suka ji nauyin aikin.

Me ya sa yatsa?

A shekarar 1937 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Wilder Penfield, a birnin Montreal na Kanada, ya bayyana taswirar sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Taswirar ta nuna cewa rabon da aka yi wa gaɓoɓi ba daidai yake da girmansu ba. Hannu da yatsu da leɓɓa sun kwashi fili mai faɗi, gangar jiki duk girmanta ta samu ɗan kaɗan. Shi ya sa motsin yatsa mai sauri yake zama taga da ake leƙa aikin ƙwaƙwalwa ta cikinta. Tsokar da ke motsa yatsa ƙarama ce, sakan 10 ba ya cinye ƙarfinta, don haka abin da ake aunawa ya fi karkata ga saurin umarni da daidaituwarsa.

Ward Halstead na Jami'ar Shikago a Amurka ya shigar da bugun yatsa cikin jerin gwaje-gwajensa na gano lahanin ƙwaƙwalwa, waɗanda ya bayyana a littafinsa na 1947, ɗalibinsa Ralph Reitan kuma ya faɗaɗa su. Tsarin ba shi da wuya: mutum ya ɗora tafin hannu a kan allo, ya yi ta danna wani ɗan maɓalli da manuniya iya saurinsa na sakan 10, a maimaita sau biyar ga kowane hannu. Baligi mai lafiya yakan yi wajen bugu 50, kuma hannun da ya saba aiki da shi yakan fi ɗayan da kusan kashi ɗaya cikin goma. Har yau likitocin jijiyoyi suna sa mai cutar Parkinson, wato cutar makyarkyata da sanyin motsi, ya riƙa haɗa manuniya da babban yatsa sau 10 da sauri, suna duba inda motsin zai fara ƙanƙancewa.

Shigar gwajin harkar wasanni ta fi ƙarfi ta ɓangaren Rasha. A Leningirad, masanin halayyar 'yan wasa Yevgeny Ilyin ya tsara nasa salon a shekarar 1972, kuma kayan aikinsa fensir ne da falle ɗaya na takarda. Ana raba takardar gida shida, ɗan wasa ya yi ta ɗiga ɗigo a gidan farko iya saurinsa, duk bayan sakan 5 a ce masa ya koma gida na gaba, har sakan 30 su cika. Sai a ƙirga ɗigon kowane gida, a ga yadda saurin ya tashi ko ya zube. Daga baya masu horar da 'yan tsere a ƙasashe da dama suka ɗauki dabarar, yanzu har manhajojin waya ake yi dominta.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Gwajin nan ba ya gano cuta, kuma binciken da aka yi a kan amfaninsa ga 'yan wasa bai kai ƙarfin wanda aka yi a kan masu ciwon jijiyoyi ba. Sanyi yana rage lambar, shayi mai kauri yana ɗaga ta, wanda ba ya so ya yi ƙoƙari kuma zai iya rage ta da gangan. Haka nan gajiyar jijiyoyi ta zahiri da ke biyo bayan motsa jiki takan warware cikin mintoci ko sa'o'i. Wadda ke kwana ta wuni, ta kai kwana uku, galibi tarin abubuwa ne: rashin barci, yunwa, ƙishirwa, fargaba, ko wata cuta da ke ɓoye. Yatsa yana cewa akwai matsala, amma ba ya faɗin sunanta.

Inda gajiyarmu ta bambanta

Waɗanda suka tsara waɗannan gwaje-gwaje 'yan wasan da ke kwana a kan katifa suke tunani, masu cin abinci sau uku, waɗanda babbar barazanarsu ita ce yawan atisaye. Saurayin Turba ko na ƙauyukan Sabon Birni ba haka rayuwarsa take ba. Tun daga shekarar 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, waɗanda suka rage kuma sun san abin da dare yake nufi. Wani a daji yake kwana, wani a bakin gari yake gadi, wani yana ɗaki amma kunnensa na waje, kukan kare ko ƙarar babur ya isa ya tashe shi zaune. Da safe gona na jiran shi. Da la'asar kuma ya ɗaura ɗamara ya ce zai shiga fage.

A shekarar 2000 wasu masu bincike, Williamson da Feyer, suka nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 zuwa 19 idonsa biyu, saurin martaninsa da daidaiton hannunsa sukan lalace kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Wani binciken da aka wallafa a 2014 a kan ɗaliban sakandare 'yan wasa a Amurka ya gano cewa masu barcin da bai kai sa'a 8 ba sun fi sauran yawan jin rauni da ninki 1.7. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda yake kai ƙololuwa a ƙarshen damina, daidai gab da buɗe fage, ya bar samari da ƙarancin jini ba tare da sun sani ba. In bazara ta zo kuma, zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, gumi ya kwashe ruwa da gishirin jiki.

Duk wannan iyaye mata suna gani. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Matsalar ita ce ɗan kokawa ba ya amsa gajiya. Makaɗi ya kira shi da kirari a gaban 'yan mata, abokai sun sa kuɗi a kansa, ta yaya zai ce ya gaza? Wani nazari da aka buga a mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya a 2016, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa tambayar ɗan wasa yadda yake ji ta fi yawancin awon jini da na na'ura saurin nuna gajiya. Amma wannan sai inda ɗan wasan zai faɗi gaskiya. A wurinmu, inda namiji ba ya cewa wayyo, ana buƙatar wani abu da zai yi magana a madadinsa.

Ɗan yayata yana cikin irin waɗannan samari. Shekarunsa 19, ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta kama sunansa. Ita ta kira ni a waya ta ce, "Likita, yaron nan fa ba daidai yake ba. Cokali ma faɗuwa yake daga hannunsa, kuma na ga wata leda a aljihunsa." Da na zaunar da shi sai ya ce, "Kawu, lahiyata lau, ƙarin ƙarhi kawai nika so." Ban yi masa wa'azi ba. Na karɓi ɗan carbin lantarkin nan da ake maƙalawa a yatsa, mai ƙirga dannawa, na ce ya danna iya saurinsa har in ce ya tsaya. Ya mayar da abin gasa, ya ce sai ya fi ni, kuma ya fi ni. Muka yi yarjejeniya zai riƙa yi kowace safiya, ƙanwarsa 'yar makaranta tana riƙe agogon waya tana rubutawa a bayan littafinta.

Bayan mako biyu lambarsa ta zauna tsakanin 56 da 59. Ranar da ta sauka 49, washegari 48, ƙanwar ce ta kai wa uwar littafin. Dare uku a jere yana cikin masu gadin gari. Ba wanda ya ce masa rago. Littafin aka nuna masa, shi da kansa ya nemi wani ya karɓe shi gadin, ya yi barcin dare biyu, lambar ta koma 57. Wata guda bayan haka ta sake faɗuwa, wannan karon barci bai ɗaga ta ba, bugun zuciyarsa na safe kuma ya ƙaru. Aka kai shi aka ɗiga jininsa a kan ɗan katakon gwaji, sai ga zazzaɓin cizon sauro. Ya sha magani na kwana uku cikakku, ya bar fage na ɗan lokaci. Wasa ɗaya ya wuce shi, kuma ya yi fushi a kan haka kwana biyu.

Yadda ake yi a gida

Kayan aiki: agogon waya, littafin rubutu, da ɗayan abubuwa uku, wato carbin lantarki, ko fensir da takarda, ko manhajar waya ga mai babbar waya. Wanda aka zaɓa a tsaya a kansa, domin lambar carbi daban take da ta fensir.

A yi gwajin da safe bayan tashi, kafin shayi ko goro. A zauna wuri ɗaya kullum, a dafa gwiwar hannu a kan wani abu, a yi da hannu ɗaya da yatsa ɗaya. Lokacin hunturu a fara murza hannuwa ko a ɗumama su a bakin murhu, don yatsa mai sanyi ba ya sauri. Wani ya riƙe agogo ya ce "fara", bayan sakan 10 ya ce "tsaya". A huta rabin minti, a sake, har sau uku. A haɗa lambobin uku a raba da uku, a rubuta. Mai amfani da fensir ya baza ɗigon kada su hau kan juna, wajen ƙirga kuma a riƙa haɗa su da layi don kada a maimaita.

Kwanakin farko lambar za ta riƙa hawa saboda sabo, don haka kada a yanke hukunci sai an yi mako biyu. Inda ta zauna a mako na biyu, nan ne ma'aunin wannan mutum. Kada a gwada lambar wani da ta wani. Mai 48 na iya kayar da mai 60 a fage. Abin dubawa shi ne mutum da kansa, jiya da yau.

A gefen lambar a rubuta abu huɗu: sa'o'in barcin daren jiya, bugun zuciya a minti ɗaya kafin a tashi daga shimfiɗa, launin fitsarin safe, da yadda mutum yake jin jikinsa daga 1 zuwa 5. Ƙa'idar da masu horarwa suka saba bi ita ce idan lambar ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin goma, misali daga 55 zuwa 49, akwai abin dubawa. Faɗuwar rana ɗaya ba komai ba ce. Kwana biyu ko uku a jere, musamman in bugun zuciya ya tashi ko barci ya yi ƙaranci, to a ɗaga karawa, a rage atisaye, a nemi dalili.

Ƙwayar da ke toshe bakin ɗan aike

A nan ne aikina ya shigo kai tsaye. Ledar da yayata ta gani tiramol ce. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa wannan magani a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, kuma magani ne mai amfani ga mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata. Dangin ofiyom ne, yana dushe zafi, yana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya ji kamar yana da kuzari. Iyakar abin da baligi zai sha a yini miligiram 400 ne, bisa umarnin likita. Wanda muke bayarwa a asibiti mai 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ta kan iyaka kuwa akwai mai 200, da 225, da 250. Ƙwaya biyu ta mai 225 sun riga sun wuce iyakar yini guda, kuma na ga samarin da ke haɗiye su tare da shayi kafin su fita.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba a cikin shekara guda, kuma tiramol ce kan gaba. Duniyar wasanni ma ta farga. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a lokacin gasa tun 2019, aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a babban tseren Faransa na 2022 saboda shi, sannan daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sa shi cikin jerin haramtattu a lokacin gasa.

Tiramol ba ya mayar da barcin da aka rasa, ba ya ƙara jini, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓi. Gajiya ɗan aike ce da jiki ya turo, maganin kuma bakin ɗan aiken yake toshewa, saƙon yana nan. Mutum ya shiga fage yana jin kansa kamar zaki, alhali martaninsa ya yi nauyi, kuma ba zai ji zafin targaɗe ba sai ya mayar da shi karaya. Ga haɗarin farfaɗiya, wanda yake ƙaruwa da yawan abin da aka sha, har ga wanda bai taɓa yin ta ba. In aka haɗa shi da ƙwayar barci irin diyazefam ko da maganin tari mai kodin, numfashi na iya tsayawa.

Haɗin gajiya da ake ƙullawa a leda shi ma ba shi da tabbas. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, waɗanda in aka sha su cikin ƙishirwa da zafin rana suna cutar da ƙoda, suna kuma ƙwaƙule ciki. Wani lokaci akwai deksametason, mai kumbura fuska a zaci ƙiba ce, alhali yana ɗaga sukari yana raunana tsoka in aka daɗe a kansa. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari kuwa suna iya ɗaga lambar yatsa na ɗan lokaci, shi ya sa ake gwaji kafin a sha su. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar wajen sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya sha da magariba ya ci bashin barcinsa na daren nan.

Wanda ya riga ya saba da tiramol kada a tilasta masa yankewa rana ɗaya, domin jiki zai yi bore da gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, kuma wannan wahala ce take mayar da yawancinsu. Ana ragewa ne a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa da ke Kware yana karɓar masu wannan matsala, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Lokacin da za a ajiye littafi a nufi asibiti

Akwai alamomin da ba a jiran lambar gobe a kansu. Idan hannu ɗaya ne ya yi sanyi farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, a tafi nan take. Idan fitsari ya koma launin shayi baƙi bayan wasa mai tsanani, ƙoda na cikin haɗari. Idan akwai zazzaɓi, a gwada jini kafin a sha magani.

Ɗan dambe yana da nasa hukunci na musamman. Tun a 1928 likitan Amurka Harrison Martland ya bayyana yadda dukan kai na shekara da shekaru yake barin 'yan dambe da jan ƙafa, makyarkyata da mantuwa. Wanda aka kashe a turmi, ko wanda ya tashi yana layi bai san inda yake ba, ya gama wasa a wannan rana, ko da ya rantse ya warke. A damben zamani na masu son kai da kai, wanda aka sumar ba ya komawa fage sai bayan aƙalla kwana 30. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ko ruɗewa bayan duka, duk na asibiti ne a daren. Kyakkyawar lambar yatsa ba ta wanke wanda aka daka a ka. Amfaninta a nan ɗaya ne: in an san ma'auninsa tun kafin rauni, lambar da ta ƙi komowa hujja ce ta ƙara masa hutu.

Abin da ke mayar da lamba

Maganin da nake rubuta wa mai faɗuwar lamba ba ya cikin kantata. Na farko barci: baligi sa'a 7 zuwa 9, matashi 8 zuwa 10. A Jami'ar Stanford, a binciken da aka wallafa a 2011, 'yan ƙwallon kwando da suka tsawaita barcinsu na makonni sun ƙara gudu, jifarsu kuma ta ƙara daidaito da kashi 9 cikin ɗari. Na san akwai garuruwan da barcin dare ya zama abin marmari. A irin wannan hali, masu tsara gadi su riƙa karɓa-karɓa ta yadda ba wanda zai yi dare biyu a jere, wanda zai yi karawa a ɗauke masa gadin daren biyu kafin ranar, wanda ya kwana a tsaye kuma ya samu ƙailula bayan azahar ko da ta sa'a ɗaya ce.

Na biyu ruwa. A sha har fitsari ya yi haske. Bayan gumi mai yawa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na uku abinci: fura da nono bayan atisaye sun fi duk wani lemon gwangwani, sai wake, ƙwai, gyaɗa, zogale, da hanta in an samu, saboda jini. Na huɗu gidan sauro.

Ga iyaye da masu gidan 'yan wasa, shawarata ita ce littafin ya zauna a hannun wani ba ɗan wasan ba, ƙanwa ko ƙane mai zuwa makaranta ya fi. Kuma ranar da lambar ta faɗi, kada a yi masa gori, kada a faɗa a gaban abokansa. A nuna masa shafin, a tambaye shi yadda ya kwana. Saurayin da ba zai taɓa cewa "na gaji" ba yana iya cewa "lambata ta sauka", kuma da wannan kalma zai iya janyewa daga karawa mutuncinsa na nan. Fage ba ya gudu, akwai wata kakar.

Allah ya ba mu lafiya, ya dawo mana da barcin dare a garuruwanmu.